Na tuba amma kunyar baya ta hana ni sakat: amsar tambayoyin da kuke ta turo min

Shekara da shekaru ina zama da 'yan mata da samari bayan an tashi sujada, yanzu kuma waya ba ta hutawa, kuma tambayoyin dai su ne su ne. To ga amsa a waje ɗaya, wanda ya sake tambaya wannan zan tura masa.

Mama, anya Allah zai gafarta irin abin da na yi?

Zai gafarta. Buɗe 1 Yohanna 1:9 ki karanta da kanki, ba a ware wani zunubi gefe ba.

Amma ai ba ki san abin da na yi ba.

Ba sai na sani ba. Rahab karuwa ce a Yariko, ga sunanta nan cikin asalin Yesu a Matiyu 1:5. Bulus shi aka ajiye wa tufafi ranar da ake jifan Istifanas, kuma da yardarsa aka yi. Naki ya fi nasu ne?

To tun da alheri ne, ko na koma ai za a sake yafe min ko?

Haba ɗana! Jinin Yesu ne abin wasanka? Je ka karanta Romawa 6:1-2, ka kuma goge lambar nan da ke jan ka ga komawa daga wayarka yau ɗin nan.

Dole ne in gaya wa wanda zai aure ni duk abin da ya faru a baya?

Wannan ita ce mai wuya, kuma ba na son a ce Mama ta ce a faɗa ko Mama ta ce a ɓoye, don ba amsa ɗaya ba ce ga kowa. Ni dai a ganina duk abin da zai biyo ki cikin gidan aure dole ya sani kafin a ɗaura, kamar ɗan da kika haifa yana ƙauye wajen kaka ana ce masa ƙaninki, ko ciwo irin ƙanjamau, ko zubar da ciki da likita ya ce zai iya taɓa haihuwa, ko bashi, ko auren da ba a warware ba. Irin waɗannan ba sa ɓoyuwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, coci-coci da yawa ma sai an yi gwajin jini kafin fasto ya sa rana, kuma gara ya ji daga bakinki da ya ji daga bakin wata a kasuwa. Amma lissafin wane da wane, a wane ɗaki, sau nawa, wannan ban ga amfaninsa ba, na ga mazan da suka nace sai sun ji sannan abin ya zame musu ƙaya a zuciya, duk ƙaramin faɗa sai su tono. Lokaci ma abin dubawa ne. Kar ki zazzage wa wanda kuka haɗu wata biyu da suka wuce, kar kuma ki bari sai an kai kaya an buga kati. In kina tsoron zai yaɗa ko zai ɗaga miki hannu, to ki fara tambayar kanki ko wannan mijin aure ne ma, ki nemi dattijuwa mai riƙon amana ta zauna da ku. Zai iya fasawa, ba zan yi miki ƙarya ba, na ga an fasa, na kuma ga wanda ya yi shiru ya share hawaye ya ce shi ma yana da nasa. Ku maza kuma wannan maganar har da ku, ba mace kaɗai ke da baya ba.

Sai na ba da shaida a gaban ikilisiya kafin gafarar ta cika?

A'a. Ba kowane kunne ne na jin sirri ba.

Me ya sa har yanzu kunya ba ta sake ni ba?

Wata ɗiya shekara uku da tuba, amma duk ranar jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ruwan inabi a coci, kafin tire ya iso layinsu sai ta sulale waje, ta tsaya gindin dogonyaro tana murza bakin gyalenta har a gama. Na bi ta na ce wa ya hana ki ci, ta ce ba kowa. Ɗiyata, Ruhu Mai Tsarki in ya nuna miki laifi yana nunawa ne don ki tuba ki dawo gida, muryar da ke maimaita abin da aka riga aka yafe tana cewa ba ki isa ba, ta Shaiɗan mai ƙarar 'yan'uwa ce. Romawa 8:1 ki riƙe. Kwantar da hankalinki, kunyar kan ɗauki lokaci kafin ta lafa.

An sa ni horo a coci, wa'adi ya cika amma har yau ana kallona.

Horo na gyara ne, kuma yana da ƙarshe. A 2 Korantiyawa 2:6-8 Bulus ya ce wa ikilisiya hukuncin ya isa, a yafe wa mutumin a ta'azantar da shi kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Ku iyayena mata na zumunta masu raɗa in yarinya ta shigo, ku ji tsoron Allah.

Allah zai iya amfani da mutum irina?

Bitrus sau uku ya yi musun Yesu, a Yohanna 21 kuma shi aka ba kiwon tumaki. Ka daina jiran mafarki, makarantar Lahadi na neman malami, akwai marasa lafiya ba mai gaishe su.

Kuɗin maigidana da na ci kafin in tuba fa?

Mayar masa. Zakka riɓi huɗu ya yi alkawarin mayarwa, Luka 19:8. In ba ka da shi a dunƙule, je da dattijo ɗaya ku tsara biya kaɗan-kaɗan duk ƙarshen wata.