Waiwaye: Wurin Ninkayar Onikan, Daga Dakta Randle Zuwa Yau

Duk mutumin Obalende da ya taɓa takawa zuwa Onikan a birnin Legas ya san ginin nan mai ja da ruwan ɗorawa da ke daura da gidan tarihi na ƙasa. Amma ba kowa ya san cewa kafin ginin, ruwa ne tushen wurin ba.

Dakta John Randle, haifaffen Saliyo, wanda ya karanci likitanci a Edinbara ya gama a 1888, shi ya gina wa mutanen Ikko wurin ninkaya a nan a 1928, shekarar da ya rasu. Dalilinsa a fili yake: gari ne da ruwa ya kewaye, yara na nutsewa a tafkin Legas, Turawan mulkin mallaka kuma suna da kulob ɗinsu da baƙar fata ba ya shiga. Sai ya sa kuɗin aljihunsa, domin ɗan talaka ya koyi iyo. Randle ba baƙon siyasa ba ne, don da shi aka kafa ƙungiyar siyasa ta People's Union a 1908, amma wannan kyauta ta fi jawabansa daɗewa.

Daga baya aka gina zauren tunawa da ɗansa, Cif J.K. Randle, a gefe. Sannan sakaci ya shigo. Ruwa ya ƙafe, bango ya tsage, ciyawa ta cinye wurin shekara da shekaru.

Gwamnatin jihar Legas ce ta farfaɗo da shi, ta mai da filin cibiyar al'adu da tarihin Yarbawa mai sunan Randle. Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ita a Janairun 2023, zamanin Gwamna Sanwo-Olu, aka buɗe wa jama'a a 2024. Abin da ya burge ni, ba a cike ramin da ƙasa an ɗora kantuna ba, kamar yadda aka saba a wannan gari.

Sai dai gyara daban, shiga daban. Yaranmu na Obalende da Idi-Araba, waɗanda iyayensu suka taso a inda kududdufin damina ne kawai wurin iyo, su ne irin waɗanda Randle ya yi wa tanadi. Wani dattijo mai shayi da na yi wa zancen ya ce da ni, "Malam, nawa ne kuɗin shiga? Kuma akwai ranar mata?"