Waiwaye: Yadda aka shafe shekara 18 ana neman Scott Speicher a hamadar Iraƙi

A daren 17 ga Janairu, 1991, wato daren farko na Yaƙin Tekun Fasha, wani jirgin yaƙi ƙirar F/A-18 ya tashi daga kan jirgin ruwan Amurka mai suna Saratoga da ke Bahar Maliya, ya nufi Iraƙi, kuma bai dawo ba. Matuƙinsa shi ne Michael Scott Speicher, hafsan sojan ruwa mai shekara 33. Tun kafin ƙura ta lafa, sakataren tsaron Amurka na wancan lokaci, Dick Cheney, ya shaida wa manema labarai cewa matuƙin ya mutu, kuma wannan gaggawa ita ce tushen duk ruɗanin da ya biyo baya, domin ba a tura kowa nemansa ba. A watan Mayun shekarar aka sanya shi a jerin waɗanda suka mutu a fagen daga, alhali babu gawa.

Maganar ta kwanta har zuwa ƙarshen 1993, lokacin da wani hafsan sojan Katar ya ci karo da tarkacen jirgin a hamadar yammacin Iraƙi. Sai a watan Disamban 1995 masu bincike na Amurka suka isa wurin tare da ƙungiyar agaji ta Red Cross, inda suka samo kayan sarkin da matuƙin ke sanye da su, tare da alamun cewa ya fice daga jirgin kafin ya faɗi. Daga nan shakka ta shiga: idan ya sauka da ransa, a hannun wa ya faɗa?

A watan Janairun 2001 rundunar sojan ruwa ta mayar da shi cikin waɗanda suka ɓace, sannan a Oktoban 2002 ta ce ana kyautata zaton kama shi aka yi. Yana da wuya a raba wannan mataki na biyu da siyasar lokacin, ganin cewa wata guda kafin nan Shugaba George W. Bush ya ambaci batun matuƙin a jawabinsa na Majalisar Ɗinkin Duniya, sa'ad da yake jera laifuffukan Saddam Hussein. Bayan mamayar da Amurka ta yi wa Iraƙi a 2003 an ga haruffan MSS, wato haruffan farko na sunayensa, a bangon wani kurkuku a Bagadaza, aka yi ta murna, amma bincike bai tabbatar da cewa shi ya rubuta su ba.

A ƙarshe dai mutanen yankin ne suka warware matsalar. A watan Yulin 2009 wani ɗan Iraƙi ya shaida wa sojojin Amurka a lardin Anbar cewa makiyayan hamada sun tarar da matuƙin a mace tun 1991, suka binne shi. An tono ƙasusuwan, an gwada haƙoransa da bayanan asibiti, kuma ranar 2 ga Agusta aka sanar cewa shi ne. A watan aka yi jana'izarsa a Jacksonville ta jihar Florida, yana da muƙamin kyaftin, domin an yi masa ƙarin girma sau biyu a shekarun da ake nemansa.

Amurkawa sun raɗa wa wani sansanin soja kusa da Tikrit sunansa. A Iraƙi kuwa, sunan Speicher a yau ya fi tuna wa jama'a kisan gillar da mayaƙan ISIS suka yi wa matasan kuratan soja sama da 1,000 daga wannan sansani a watan Yunin 2014.