Waiwaye: Cututtukan da suka riƙa kashe mutanen Bermondsey

A da Bermondsey ƙaramar hukuma ce a kudancin Kogin Thames a birnin Landan. A ƙidayar 1921 mutanenta sun kusa 120,000, galibinsu 'yan dakon tashar jiragen ruwa ne, da majema, da ma'aikatan kamfanonin biskit. Iyali guda kan cunkushe a ɗaki ɗaya ko biyu, bango na tsattsafo, hayaƙin kwal ya tare rana.

A irin wannan zama tarin fuka ne sarki. Shi ke ɗauke magidanta da samari. Yara kuwa ƙyanda da tarin shiƙa da mashaƙo ke yi musu ɗauki ɗai-ɗai, gudawa ta kwashi jarirai da zafi ya shigo. Murar 1918 ta zo ta ƙara da nata. Tun 1889 doka ta wajabta wa likitocin Landan sanar da hukuma in sun ga wasu cututtuka masu yaɗuwa, daga baya aka shigar da tarin fuka. Shi ya sa rahotannin shekara-shekara na jami'in lafiya ke cike da alƙaluma. Ƙirga gawa dai an iya. Maganin yawancinsu ne babu.

Wanda ba a labarin unguwar sai da shi shi ne Dakta Alfred Salter, likitan da ya zaɓi zama cikin talakawa yana duba marasa hali kyauta. Shi da matarsa Ada sun ɗanɗana kuɗar zaɓin: 'yarsu tilo, Joyce, ta rasu a 1910 tana da shekara 8, sanadin zazzaɓin nan mai fesar da jajayen ƙuraje. Ba su tashi daga unguwar ba. A 1922 Ada ta zama magajiyar garin, mijin kuma ya shiga majalisar dokoki a jam'iyyar Leba.

Daga nan hukumar ta saki bakin aljihu. Ta riƙa tura masu tarin fuka Leysin a ƙasar Suwizalan su sha rana da iskar duwatsu. A 1926 ta buɗe ɗakin gasa jiki da fitilu masu haske irin na rana. Ta gina gidan wanka na jama'a, ta rushe wasu lunguna ta gina gidaje masu lambu, ta dasa dubban itatuwa, ta sa mota na zagaya tituna tana nuna majigin tsafta. A ganina fitilun sun fi yin suna, amma gidajen da ruwan wankan sun fi yin aiki.

Mace-macen sun fara raguwa tun kafin magani ya iso. Rigakafin mashaƙo na ƙasa baki ɗaya sai a 1940 aka fara shi, allurar streptomycin ta tarin fuka kuwa sai ƙarshen shekarun 1940. A 1965 aka narkar da Bermondsey cikin ƙaramar hukumar Southwark.