Waiwaye: Ƙananan hukumomin Ingila da nauyin kula da tsofaffi

A Ingila, idan tsohuwa ta kamu da cutar daji, asibitin gwamnati zai yi mata magani ba tare da ta biya ko kwabo ba. Amma idan ciwon mantuwa ne ya kama ta, har ta kai sai an yi mata wanka an ba ta abinci a baki, galibi wannan aikin ƙaramar hukuma ne, kuma sai an leƙa aljihunta tukuna. Duk wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa, kuma tun 2010 ba a ɗaga wannan adadi ba.

Tushen rabuwar yana 1948. A shekarar aka kafa hukumar lafiya ta NHS kyauta ga kowa, a shekarar kuma wata doka ta ɗora wa ƙananan hukumomi samar da masauki ga tsofaffi da marasa ƙarfi, tare da cajin mai hali. A 1971 kowace hukuma ta buɗe sashe guda na jin daɗin jama'a. Sai dokar 1990, wadda ta fara aiki sosai a 1993, ta mayar da su masu sayen hidima: su tantance buƙatar mutum, su biya kamfani ko ƙungiyar agaji ta yi aikin.

Daga nan tambayar ta taso: wa zai duba ko suna sauke nauyin? A 2002 gwamnatin Tony Blair ta fara ba su taurari, daga sifili zuwa uku. Tsarin ya sha suka, ana cewa cike takardu ya fi duba mutane yawa, amma ko ba komai jama'a na iya sanin inda hukumarsu ta tsaya. A 2010 gwamnatin haɗin gwiwa ta David Cameron ta soke binciken shekara-shekara, aka bar hukumomin su riƙa duba junansu.

Nan ne abin ya fi damuna. Daidai lokacin da aka ajiye ma'auni aka shiga tsuke bakin aljihu, tallafin da ke fitowa daga Landan ya ragu ƙwarai, tsofaffi kuwa sai ƙaruwa suke yi. Dokar Kulawa ta 2014 ta zo da alkawura masu kyau, har da haƙƙin ɗan uwa mai jinya a gida na a duba tasa buƙatar, sai dai kuɗi bai biyo ta ba. A 2016 aka yarje wa hukumomi su ƙara kashi 2 cikin ɗari a harajin gidaje don wannan aiki. Amma yankin talakawa, inda buƙata ta fi yawa, shi ne harajinsa ya fi ƙaranci. Hukumar Northamptonshire ta ayyana kasa daidaita kasafinta a 2018, ta Birmingham kuma a 2023.

Sai da aka shekara fiye da goma kafin ma'aunin ya dawo. Dokar 2022 ta ba hukumar sa ido ta CQC ikon bincikar hukumomi 153 da ke da wannan alhaki, daga Afrilun 2023, da maki hawa huɗu, daga mafi nagarta zuwa gazawa. Masu binciken na duba tsawon jiran tantancewa, da kare masu rauni daga cin zarafi, suna kuma sauraron iyalai. Wannan ci gaba ne, kuma ina maraba da shi.

Maganar wa zai biya ce har yau take ƙasa tana dabo. A 2011 kwamitin Andrew Dilnot ya ba da shawarar a sa iyaka ga abin da mutum zai kashe wajen kula da shi a rayuwarsa. An ɗage fara aiki da ita, an sake ɗagewa, har ministar kuɗi Rachel Reeves ta soke iyakar fam 86,000 a Yulin 2024. Yanzu batun yana hannun kwamitin Louise Casey, wanda aka sanar a Janairun 2025, aka kuma ba shi har 2028 ya miƙa rahotonsa na ƙarshe.