Mene ne "ɗaukar nauyi na ƙashin kai" da 'yan gudun hijirar Hazara ke nema?

In kana bibiyar labarin 'yan gudun hijirar Afghanistan za ka riƙa cin karo da saƙo iri ɗaya, saurayi ne ko budurwa, ya ce shi Bahazare ne, ya shekara takwas ko goma a Indonesiya, yana neman mutum biyar a Kanada da za su ɗauki nauyinsa. Da yawa in sun ga haka sai su zaci bara ce ko damfara, alhali tsari ne na doka mai suna da ƙa'ida.

Ma'anarsa a taƙaice, maimakon gwamnati ta ɗauko ɗan gudun hijira ta ciyar da shi da kuɗin haraji, sai mutanen gari su haɗa kai su ce mu ne masu masaukinsa. Su sa hannu a takarda cewa kuɗin haya, abinci, tufafi, kuɗin mota, duk a wuyansu yake na tsawon wata 12 ko har ya tsaya da ƙafarsa. Gwamnati kuma ita ke tantancewa, ta yi binciken tsaro da gwajin lafiya da intabiyu, in ya tsallake ta ba shi izinin zama na dindindin tun ranar da ya sauka. Kanada ce ta fara wannan a 1979 lokacin da mutanen Biyetnam ke gudu cikin kwale-kwale, kuma daga lokacin zuwa yau sama da mutum dubu 300 sun shiga ƙasar ta wannan ƙofa. Akwai manyan ƙungiyoyi da suka ƙulla yarjejeniya da gwamnati, yawanci coci-coci da masallatai da ƙungiyoyin al'umma, akwai kuma wanda aka fi ji, wato rukunin mutum biyar, 'yan ƙasa ko masu izinin zama, da za su tara kuɗin su nuna shaida.

Kuma fa ba kuɗi kawai ba ne. Su ne za su je filin jirgi da rigar sanyi a hannu, don mutumin da ya fito daga zafin Jakarta ba shi da kayan da zai tari dusar ƙanƙara ta Janairu da su, su kai shi ya buɗe asusun banki, su yi masa katin asibiti, su nuna masa yadda ake hawa bas da inda ake sayar da naman halal, su sa shi ajin koyon Turanci, in da yara su kai su makaranta. Aiki ne na ɗan'uwa, amma ga wanda ba ka taɓa gani ba.

To me ya sa Hazara suka fi kowa rataya rai a kan wannan? Sai an koma baya kaɗan. Hazara ƙabila ce ta tsaunukan tsakiyar Afghanistan, yankin Bamiyan da kewaye, yarensu wani reshe ne na Farisanci, akasarinsu 'yan Shi'a ne, kuma kamanninsu ya fita daban, ana gane su daga fuska, babu wurin ɓuya. A farkon shekarun 1890 sarki Abdur Rahman Khan ya kai musu yaƙi, aka kashe masu yawa, aka sayar da wasu bayi, aka ƙwace gonaki, waɗanda suka tsira suka gudu Kwetta da ke Pakistan a yau da Mashhad ta Iran. A watan Agustan 1998 Taliban ta yi musu kisan kiyashi a Mazar-i-Sharif. Sannan unguwarsu ta Dasht-e-Barchi a yammacin Kabul, wallahi labarinta ba daɗin ji, a watan Mayun 2020 'yan bindiga suka shiga asibitin haihuwa suka harbe mata a kan gado, a Mayun 2021 bam ya tashi a ƙofar makarantar Sayed al-Shuhada daidai lokacin tashin 'yan mata, a Satumbar 2022 kuma aka kai hari cibiyar karatu ta Kaaj yara na tsakiyar jarrabawar gwaji. Ko a Kwetta da suka fake ba su huta ba, a Janairun 2013 bayan harin titin Alamdar sai da iyalai suka zauna a titi da gawawwakin 'yan uwansu cikin sanyi suka ƙi binnewa har sai gwamnati ta saurare su.

Shi ya sa matasa da yawa suka sayar da abin da suka mallaka suka nufi Indonesiya da niyyar ƙarasawa Ostireliya. Sai ƙofa ta rufe, Ostireliya ta ce duk wanda ya yi rajista da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Indonesiya daga 1 ga Yulin 2014 ba za ta ɗauke shi ba. Indonesiya kuma ba ta sa hannu a yarjejeniyar kare 'yan gudun hijira ta 1951 ba, don haka ba izinin aiki, ba zama ɗan ƙasa, gaba babu hanya baya kuma mutuwa. Yaro ya zo yana ɗan shekara 17, yanzu ya doshi 30 a ɗaki ɗaya da tabarma da waya, kullum yana duba ko an amsa masa. A duniya gaba ɗaya 'yan gudun hijirar da ake kaiwa wata ƙasa daban su zauna dindindin a shekara ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, jiran layin Majalisar Ɗinkin Duniya kamar jiran gawon shanu ne.

Abin da ya fi taɓa ni a tsarin shi ne ɗan gudun hijira ba shi da ikon miƙa takardar da kansa, masu ɗaukar nauyi ne ke shigar da ita. Wato sai ya nemo baƙi biyar a wata nahiya, ya ba su labarin kisan mahaifinsa ko ƙanwarsa da Turancin da ya koya a waya, ya maimaita sau ɗari, ko Allah zai sa wani ya tausaya. Kuma rukunin biyar ba sa iya ɗaukar mutum sai yana da takardar shaidar cewa an amince shi ɗan gudun hijira ne, wanda ke cikin Afghanistan har yanzu ba ya ciki sam. Doka ta hana masu ɗaukar nauyi karɓar ko sisi daga hannunsa, duk wanda ya ce kawo kuɗi in sama maka mai ɗaukar nauyi, a guje shi.

Ita ma ƙofar yanzu ta ƙuntata. Amurka ta kwaikwayi tsarin a Janairun 2023 da sunan Welcome Corps, gwamnatin Trump ta dakatar da shi a 2025. Kanada kuma a Nuwambar 2024 ta tsayar da karɓar sababbin takardu daga rukunin biyar saboda cunkoso, wanda takardarsa ta riga ta shiga yana nan a layi, wanda bai samu mutanensa biyar kafin ranar ba sai dai ya koma ƙwanƙwasa ƙofar manyan ƙungiyoyin nan, su kuma gurbin da ake ba su a shekara ƙididdigagge ne.