Ƙwannafi: ku bar kanwa, ku duba tuwon dare

Assalamu alaikum jama'ar Maradi da kewaye, daga Tibiri har Madarunfa da Dan Isa. Ni ma'aikacin lafiya ne, kuma maganar ƙwannafi zan yi yau, don kusan kullum sai an zo mana gidan likita da kukan "ƙirjina na ci kamar wuta", ko "ruwa mai tsami na taso mani har maƙoshi in na kwanta", kuma mafi yawa kafin su iso sun riga sun sha kanwa ko sun sayi ƙwaya wajen masu tallar magani a faranti.

Bari in fara da yadda abin ke faruwa. Cikinka yana yin wani ruwa mai tsami sosai don narka abinci, shi tumbi Allah ya yi mashi kariya daga wannan ruwa, amma hanyar da abinci ke bi daga maƙogwaro zuwa ciki ba ta da wannan kariya. A daidai inda hanyar ta haɗu da ciki akwai wani nama da ke tsukewa ya rufe bayan abinci ya wuce. To in naman nan ya saki, ko ciki ya cika maƙil yana turo shi, sai ruwan tsamin ya hauro sama ya dinga ƙona hanyar. Kamar buta ce cike da ruwa wadda murfinta bai kama da kyau ba, tana tsaye ba matsala, kana kwantar da ita sai zuba. Shi ya sa ƙwannafi ya fi tashi da dare, ko in mutum ya duƙa bayan ya ƙoshi.

Ni dai abin da na fi gani a garin nan ba irin abincin ba ne kawai, lokacin cinshi ne da yawanshi. Mutum ya wuni kasuwa ko bisa babur yana kabu-kabu, ba abin da ya sa a ciki sai goro da shayi, ya dawo gida bayan isha'i ya zauna gaban tuwon hatsi malmala biyu da miya mai man gyaɗa tana ƙyalli, ya bi da fura kwano guda, ko ya tsaya wajen mai tsire ya ci da yaji, minti ashirin bai cika ba ya miƙe bisa tabarma. Wallahi ko lafiyayyen ciki sai ya yi ƙara. Ciki yana buƙatar awa 3 ko kusa da haka kafin ya rage kayan da ke cikinshi, don haka in za ka kwanta ƙarfe 10 to ka gama cin abinci wajen ƙarfe 7, da an sallame magariba kenan. Na san a gidaje da yawa ba a sauke tuwo da wuri, amma magana ce da maigida da uwargida za su iya daidaitawa, abinci mai nauyi ya koma rana, na dare ya zama kaɗan. Kuma a ci a tsanake, a tauna, ba ana rige-rige da yara a kwano ba.

Kwanciya ma da yadda ake yinta. A kwanta ta gefen hagu ya fi rage haurowar ruwan, saboda yadda ciki yake zaune a jiki. Wanda ya saba farawa da dama saboda sunna, ya yi addu'arshi a haka, in zafin ya taso sai ya juya hagu. Mai gado ya sa bulo ko katako ƙarƙashin ƙafafun gadon na wajen kai, ya ɗaga kamar santimita 15 zuwa 20. Tara matasan kai ba ya yi, wuya kawai yake lanƙwasawa ya ƙara matse ciki. Mai kwana ƙasa ya cusa wani abu ƙarƙashin katifa yadda tun daga ƙugu har kai zai ɗan tashi.

Sai 'yan fada, masu zaman hira ana shan shayi, ku ma da ku nake. Shayin nan mai kauri da ake dafawa har zagaye uku, na farkon kamar maɗaci, a zuba na'ana'a, a sha cikin dare ga sigari a hannu, duk abubuwa ne masu sa naman nan ya saki. Sigari da taba sun fi muni, don suna kuma rage yawu, alhali yawu ne ke wanke tsamin da ya hauro. Goro da kofi da lemun kwalba mai gas suna tada ma wasu. Haka soye-soye, ƙosai da fanke da soyayyen nama mai kitse, saboda mai yana daɗewa a ciki. Tonka, ɗanyar albasa, tumatirin gwangwani da lemun tsami su ma ana kuka da su. Amma ban ce kowa ya bar duk wannan ba, jiki ya bambanta, wani tonka ce ke tada mashi wani ko a jikinshi. Ka lura da kanka sati biyu, abin da ka ga yana tada maka ka rage shi, sauran ka ci abinka. Ina jin haushi in ga an hana ma mutum komai har ya rame don wai yana da "olsa", alhali ba wanda ya auna shi. Ƙwannafi daban gyambon ciki daban, shi gyambon galibi wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi ko yawan shan maganin ciwon jiki, kuma da maganinshi na musamman.

Ƙiba, musamman tumbi, tana matsa ciki ta turo ruwan sama, rage 'yan kilo kaɗan ma yana kawo sauƙi. A sassauta bel da ɗaurin zane bayan an ci.

Yanzu kanwa. Gaskiya ne in ka jiƙa ka sha zafin na lafawa nan take, don tana kashe tsami, shi ya sa mutane suka yarda da ita. Amma tana cika ciki da iska, ka yi ta gyatsa, ruwan ya sake haurowa, sannan gishirin da ke cikinta yana da yawa ƙwarai, mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ƙoda yana ƙara ma kanshi ciwo ne. Likitoci a Zariya sun daɗe da danganta yawan shan kunun kanwa lokacin jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Madara ma tana sanyaya na ɗan lokaci ne, mai maiƙo kuma daga baya ta tado shi. Sai babbar ɓarna, ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da aspirin da ake sha kamar gyaɗa bayan an dawo gona ko aikin ƙarfi, waɗannan suna cin bangon ciki har su sa jini. Mai ƙwannafi in ciwon jiki ya dame shi paracetamol ya fi mashi. Wanda kuma likita ya ɗora bisa aspirin saboda zuciya kada ya bari da kanshi, ya koma ya yi bayani.

Akwai magani mai kyau a farmasi, na ruwa ko na taunawa mai kashe tsami nan take, da omeprazole mai rage yin tsamin, shi ana shanshi ne da safe kamar minti 30 kafin kari, ba sai zafi ya taso ba. In ka sha sati biyu abin bai bari ba, ko kana tsayawa ya dawo, ka zo a duba ka.

Mata masu juna biyu, ƙwannafi ya zama ruwan dare a watannin ƙarshe, jiki ne ke saki ga kuma ɗa na turo ciki sama, yawanci da an haihu ya wuce. Ku dinga cin kaɗan kaɗan sau da yawa, kada ku sha kanwa, ku faɗa ma ungozoma ranar awo. In zafin ya zo da ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska ko gani dishi-dishi, ranar nan za a tafi ba a jiran ranar awo. Da azumi kuma a buɗa baki da dabino da ruwa da kunu, a yi sallah, sannan a ci a hankali, wanda ya cika ciki dam ya tafi asham zai ji shi a ruku'u. Bayan sahur a daure a zauna, kada a koma barci nan take.

Dan Allah ga inda ba a zama gida: ƙwannafi fiye da sau 2 a sati yana ta maimaituwa, abinci na maƙalewa in ka haɗiye, rama ba dalili, amai da jini ko mai kama da garin kofi, bayan gida baƙi ƙirin, tarin dare ko dishewar murya da suka ƙi ƙarewa, ko abin ya fara maka sabo bayan ka haura shekara 50. In kuma nauyi ne ko matsi a ƙirji yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, ga zufa ga numfashi sama-sama, kada a tsaya jiƙa komai, zuciya ce ake tsoro, a nemi mota ko adaidaita a kai shi babban asibiti ko da tsakar dare ne.