Ma'aikatar Jin Ƙai da Rage Talauci ta Najeriya

Ma'aikatar Jin Ƙai da Rage Talauci ita ce ma'aikatar gwamnatin tarayyar Najeriya da aka ɗora wa alhakin kula da talakawa, 'yan gudun hijira, masu buƙata ta musamman da waɗanda iftila'i ya auka wa. Shugaba Muhammadu Buhari ne ya kafa ta a watan Agustan 2019, da sunan Ma'aikatar Jin Ƙai, Kula da Iftila'i da Ci Gaban Al'umma, ya naɗa Sadiya Umar Farouq, 'yar jihar Zamfara, ministarta ta farko.

Kafin nan aikin tallafa wa marasa galihu a warwatse yake. Kowace gwamnati ta zo da nata shiri, in ta tafi shirin ya bi ta. An yi Better Life na Maryam Babangida a 1987, an yi NAPEP na zamanin Obasanjo a 2001, wanda sunansa ya wanzu a jikin babur mai ƙafa uku, sai SURE-P na gwamnatin Jonathan a 2012. A 2016 gwamnatin Buhari ta ƙaddamar da NSIP, wato shirin ƙasa na tallafa wa marasa galihu, a ƙarƙashin ofishin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo. A ɗaya gefen kuma rikicin Boko Haram ya raba mutum fiye da miliyan 2 da muhallansu a arewa maso gabas, hukumomi da ƙungiyoyin agaji suna ta aiki kowa da inda ya dosa. Hikimar kafa ma'aikatar ita ce a tara waɗannan ayyuka a inuwa ɗaya. Shi ya sa aka mayar da NSIP hannunta, tare da hukumomi irin su NEMA mai ba da agajin gaggawa, NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, da hukumar kula da 'yan gudun hijira.

Shirye-shirye huɗu na NSIP ne suka fi sa jama'a sanin ma'aikatar a zamanin Buhari. A lokacin, N-Power yana ɗaukar matasan da suka gama karatu, ya tura su koyarwa ko aikin lafiya ko na gona, a kan alawus na naira 30,000 a wata. Akwai ciyar da 'yan firamare daga aji 1 zuwa 3, inda aka fara da naira 70 ga kowane yaro a rana, matan unguwa ne kuma ke dafa abincin su kai makaranta a lokacin. An kuma yi rancen ƙananan 'yan kasuwa da manoma, wanda a cikinsa TraderMoni ya fi suna, naira 10,000 ba tare da jingina ba. Na huɗu shi ne tallafin kuɗi ga gidajen da talauci ya fi yi wa katutu, naira 5,000 a wata a wancan lokacin, ana biyan na wata biyu a dunƙule, yawanci a hannun uwar gida. Wani ɓangare na kuɗin ya fito ne daga rancen Bankin Duniya da kuma dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Switzerland ta maido.

Ginshiƙin tallafin kuɗin shi ne rajistar talakawa ta ƙasa, kuma yadda aka tsara haɗa ta abin yabawa ne. Jami'ai su je ƙauye, su zaunar da maza daban, mata daban, matasa daban. Kowane rukuni ya faɗi abin da yake kira talauci a garinsu: gidan da ba a ɗora tukunya sau biyu a yini, matar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu, magidancin da ba shi da gona ba shi da akuya. Sannan su lissafa gidajen, a haɗa jerin sunayen uku a tace. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma rajistar ba ta tsira daga zargi ba, har a watan Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni ke cikinta, ta ce ba ta aminta da sahihancinta ba.

A 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sauya wa ma'aikatar suna, ya naɗa Betta Edu minista. A watan Oktoban shekarar, bayan cire tallafin man fetur, aka sanar da biyan gidaje miliyan 15 naira 25,000 a wata har tsawon wata uku. Ranar 8 ga Janairun 2024 aka dakatar da ministar kan zargin ba da umarnin tura naira miliyan 585 asusun wata jami'a, aka kuma tsayar da shirye-shiryen NSIP na wani lokaci. Abin takaici, waɗanda suka fi jin jiki a wannan tsaiko su ne mutanen da aka kafa ma'aikatar dominsu, a daidai lokacin da farashin abinci ke hauhawa. Nentawe Yilwatda ya karɓi ma'aikatar a ƙarshen 2024, ya bar ta a Yulin 2025 da ya zama shugaban jam'iyyar APC.

Tun bayan badaƙalar, gwamnati ta shardanta cewa sai mai lambar shaidar zama ɗan ƙasa ta NIN za a biya, kuɗin kuma ta asusun banki ko na waya za su shiga. Wannan ya rage kafar cusa sunayen bogi, sai dai ya rage saurin biyan, domin da yawa daga matan karkara da sunayensu ke cikin rajistar ba su da lambar, ba su da asusun, cibiyar yin rajistar kuma takan yi musu nisa.